Tsaro Tsakanina da Ke

Ina cikin juya waina a bakin titin Mansur a Makka, rana ta take tsaka, sai wayata ta yi ƙara. Habila ne, ƙanena, daga ƙauyenmu na ƙasar Malumfashi. Rabon da ya kira ni tun da na musulunta na bar gida, shekara goma sha shida ke nan.

"Rifkatu," ya ce. Ko Yaya babu, balle Kabira, sunan da nake amsawa yanzu. "Inna ce. Jiya ta faɗi, bakinta ya rufe. Likita ya ce a mayar da ita gida a yi ta addu'a."

Wainar ta ƙone a tanda ina kallo. In tafi? Da wace ƙafar? Ba ni da igama, takardar izinin zama a ƙasar nan. In na miƙa kaina hukuma ta kwashe ni, na tafi ke nan, babu dawowa. Marayuna biyu da na haifa a nan Makka, ba su da takarda ko ta ƙunshin ƙosai, wa zan bar wa su?

Na ce, "Habila, abu ɗaya ke riƙe da ni. Inna ba ta rabu da ni da fushi ba. Ranar da zan tafi ta bi ni tasha, ta kama hannuna, ta ce Ubangiji ya yi tsaro tsakanina da ita bayan mun rabu."

Da wannan addu'ar matan zumunta suke tashi daga taro a cocin garinmu, kowa riƙe da hannun kowa. Da ita na kwana ranar da mijina ya rasu. Da ita na ɓuya a bayan tankin ruwa ranar da aka zo kame. Duk sanda na tuna, sai in ce uwata ta sa mini albarka.

Sai Habila ya yi wata 'yar dariya. Yaron da na goya fa! Wai don ya yi makarantar fastoci.

"Kin san inda aka ɗauko ta? A Littafi Mai Tsarki, Laban ne ya faɗa wa surukinsa Yakubu, bayan Yakubun ya gudu masa da 'ya'ya mata. Ba su yarda da juna ba. Duwatsu suka tara, suka ce kada ka ƙetaro, ni ma ba zan ƙetara ba, Allah na ganin macuci. Iyaka ce aka ja, ba albarka ba."

Na ce, "Inna ta san haka?"

"Inna ta fi ni sanin Littafin."

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Ashe shekara goma sha shida ina rungume da kora? Wani mai saye yana ta azalzala ta da Larabci, "Yalla, ya Hajja," na kore shi da hannu.

"Kai, ɗauko Littafin!" na daka masa tsawa. "Ka karanta mini har ƙarshe, kada ka tsallake ko wasali."

Na ji yana buɗe shafi. Ya karanta tarin duwatsun, ya karanta rantsuwar, da abincin da suka ci tare. Daga nan muryarsa ta fara ja da baya. Wai da gari ya waye tsohon, Laban, ya sumbaci 'ya'yansa mata da jikokinsa, ya sa musu albarka, sannan ya juya gida.

"Wannan fa? Shi ne ka ɓoye mini?"

Ban jira shi ba na ƙara jefa masa wata tambayar.

"Sun sake haɗuwa?"

"Ba a rubuta ba."

Na durƙusa a gefen tanda. Na ce ya kara mata wayar a kunne. Numfashinta kawai nake ji, yana fita da ƙyar.

"Inna, ni ce. Jikokinki biyu, Nasir da Aishatu. Wanne kika nufa a tasha, Inna? Duwatsun ko albarkar?"

Numfashi. Na faɗa mata addu'ar nan tata, kalma bayan kalma, ina kuka, mutane na ratsa ni suna wucewa.

Habila ya ɗauke wayar. "Ta motsa baki," ya ce.

"Me ta ce?"

Shi ma kukan yake yi.

"Ban ji ba, Yaya. Wallahi ban ji ba."