Ƙofar Direba

Tun ranar da autanta ya shigo da motar nan gida Kaka ta tsane ta. Ja ce jawur, mai ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa kamar ta durƙusa, gilasanta baƙi wuluk. Wai motar tsere ce daga Japan, shi kuma ya raɗa mata Walƙiya. Kaka dai ko leƙa cikinta ba ta taɓa yi ba, ta ce ba ta shiga abin da sai ta yi rarrafe.

Wata rana, da tsakar rana, Auta ya ajiye motar a tsakar gida, ya bar wa Kaka 'yarsa mai shekara uku, ya taka zuwa wurin aski. Kaka tana guga, yarinyar tana wasa da murfin tukunya a ƙofar ɗaki. Can sai ta ji gidan ya yi tsit.

Ta duba bayi, ta duba ƙarƙashin gado, ta leƙa randar ruwa. Babu. Sai ta hango takalmi ɗaya, ɗan mitsitsi, a gindin motar.

Ta manna fuska a gilashin baya, ta kare da hannu. Ga yarinyar can kwance a kujerar baya, jiƙe sharkaf da gumi, ba ta motsi. Ƙarfen motar kuwa ko taɓuwa ba ya yi don zafi.

Ta ja ƙofar hagu. Gam. Ta sake ja har farcenta ya karye. Ta ƙwala wa maƙwabta kira, kowa yana wurin aiki. Ta kira Auta a waya, ta faɗa masa a birkice. Ya ce ƙofar direba a buɗe take, ya koma ɗaukar caja bai kulle ba.

"A ƙofar direban nake! A kulle take!"

"Mama, wallahi a buɗe take. Ki ja da ƙarfi, ga ni nan!"

Ta ja, ta daka, ta roƙi motar kamar mutum. Ta kira yarinyar da duk sunayen da take mata, har da na wasa, "kishiyata", shiru. Tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba ya kama ta. Da kyar ta kai ɗaki, ta fizge dutsen guga daga soket, ta dawo ta maka wa gilashin ƙofar. Sai a bugu na huɗu ya tarwatse.

Wani hucin zafi ya doke ta a fuska. Ta zura hannu ta buɗe, ta kutsa tsakanin kujeru, ita da ta rantse ba ta rarrafe, ta jawo yarinyar. Jikinta laƙwas, zafi rau. Ta kai ta bakin famfo tana zuba mata ruwa tana salati, har yarinyar ta ja numfashi, ta saki wani siririn kuka.

Auta ya faɗo gidan da rabin aski. Bai ko kalli gilashin ba, ya zagaya ɗaya gefen don kunna mota su tafi asibiti. Da yatsa biyu ya ja ƙofar, ta buɗe.

Sai lokacin Kaka ta ga sitiyarin. A dama yake.

Ta ƙanƙame jikarta, ta shiga ta ƙofar da ta fasa. Har suka isa asibiti idonta na kan ɗaya ƙofar, tana ƙirga takun da ke tsakani. Taku shida ne.