Kakannin Ƙwayar Cuta

Uwar mijina, Burulkan, ta san kakanni bakwai na kowa a unguwarmu ta birnin Osh, har da na dokin maƙwabci. Ba a ɗaura aure sai ta ƙirga ta ce babu jini tsakani. Saboda haka da gwaji ya nuna ni da mijina Mederbek muna ɗauke da ƙwayar ƙanjamau, asali kawai ta tambaya: daga gidan wa ta fito? Ba ta ma jira amsa ba. Ta haɗa mini akwati ta ajiye a bakin ƙofa. Ni kuwa na rantse shi ya kwaso ta a Rasha wurin aikin gini, tsarabar da ta fi firjin da ya kawo ƙarko.

Likita Saltanat ta tura jininmu babban birni, Bishkek, inda ake binciken ire-iren ƙwayar da ke yawo a ƙasa. Ranar sakamako tsohuwa ta ɗaura farin ɗankwalinta ta biyo mu. Mun bar ta, don kowannenmu yana jiran ganin kunyar ɗaya.

Likita ta zana bishiya, ta ce ƙwayar ma tana da ƙabilu, kowace da hanyar da ta biyo.

"To, karanto mini," in ji tsohuwa. "Ƙwayar ɗana 'yar ta yarinyar nan ce, ko jikarta?"

"Apa, ko maƙwabtaka ba su haɗa ba," in ji likita, tana kiran ta uwa da harshenmu.

Ta Mederbek irin wadda ta fi yawa a hanyar Rasha ce. Ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa. Tawa kuma wata ƙabila ce dabam. Haushi ya kama ni, don na yi tanadin zagi mai yawa kuma ga shi zai lalace a hannuna. Likita ta tambaya ko an taɓa yi mini ƙarin jini. An yi, shekarar da na yi ɓari, a wani ƙaramin asibiti. Tsohuwa ce ta ƙi jinin baƙo, ta je ta kawo wani ɗan gidan mutunci da ta san kakanninsa bakwai. Likita ta ce ba za ta iya yanke hukunci ba. Ba wanda ya nemi ta yanke.

Ta gargaɗe mu kan shan magani da amfani da kwaroron roba, don in ƙwayoyin biyu suka haɗu suna iya haifar da sabuwa.

A hanya tsohuwa ta shiga kantin magani ita kaɗai. Da muka isa gida ta ja akwatina zuwa ɗaki, tana nishi, ta ƙi a taya ta. Ta jefa kwalin kwaroron roba a kan gado.

"Ban yarda su haɗa zuri'a ba," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Zauna, 'yata. Yau ni zan zuba shayi, ba ke ba."