Farantin Inna Mai Giɓi

Akwai mutanen da in ka sa musu abinci sai su yi bismilla su ci. Yayan Auta ba ya cikinsu. Shi in ka miƙa masa faranti, sai ya ɗaga shi sama, ya karkata wuya, ya leƙa gindinsa tukuna, wai yana neman tambarin waɗanda suka ƙera shi. Ya taɓa yin haka a gidan surukan ɗansa, miya ta tsiyaye masa cikin hannun riga, ko a jikinsa. Tun da ya bar aikin ofis wannan cutar ta kama shi, ta tara farantan tangaran masu zanen shuɗi da fari, tsofaffi da sababbi. Mutanen unguwa Darakta suke ce masa, ko da yake muƙamin na riƙon ƙwarya ne. Auta, ƙanwarsa, a fili Yaya take ce masa. Sunan da take kiransa a zuci ba ya faɗuwa.

Ita ke riƙe da mahaifiyarsu. Inna ta tsufa tukuf, idanu sun tafi, kunne ya yi nauyi, hankalin ma yana zuwa yana komawa. Auta ta ɗauko keken ɗinkinta daga shago ta kafa a ƙofar ɗakin tsohuwa, tana ɗinki tana kasa kunne. Darakta kuwa sai ya bushi iska yake leƙowa da ledar lemu, ya ɗosana a bakin kujera kamar mai jiran mota, ya tambaya ko an ba da magani, ya duba agogo.

Abu ɗaya ya rage wa Inna da take yi da kanta, shi ne cin abinci. Tana da farantinta tun su Auta suna yara, mai zanen wata 'yar gada da bishiya da kwale-kwale, da giɓi a bakinsa da bai fi farce ba. In an ajiye mata, sai ta bi bakin da babban yatsa har ta sami giɓin, ta juyo shi gabanta. Daga nan ta san hanya: shinkafa kusa da giɓi, miya a dama, nama can gaba. Haka Auta ke jera mata kullum. Wanda ya kuskura ya ce zai ba ta a baki, zai sha zagin da bai san tsohuwa ta ajiye ba.

Tsautsayi ne ya kawo Darakta wata rana ana cikin cin abincin rana. Ya gaisa sama-sama, sai idonsa ya faɗa kan farantin. Mutumin da ba ya iya zaman da shayi zai huce, ran nan ya zauna daram har Inna ta siɗe yatsu. Ya ɗauki farantin da maiƙonsa da komai, ya kife shi, ya sa tabarau, ya ƙwanƙwasa bakin da farce, ya kara a kunne. A cikin farantin nan aka yaye shi, amma sai yau ya gan shi.

Ya ajiye farantin ya tafi. Ya dawo cikin makon, abin da bai taɓa yi ba, da kwali a hammata. Auta tana bayan gida tana shanya. Da ta shigo ta tarar har ya miƙe zai tafi.

"Na sauya wa Inna faranti," in ji shi. "Sabo fil, zanen iri ɗaya. Wancan ya tsufa, giɓin nan zai iya yankar ta."

"Yaya, shekara nawa tana ci a ciki bai yanke ta ba?"

"Ke dai ba ki san abin arziki ba."

Ya shiga mota da kwalinsa, tsohon farantin a ciki. Wai shi a dole ya yi wa uwarsa alheri.

Da yamma Auta ta zuba abinci a sabon farantin. Inna ta ɗora yatsa a baki, ta bi, ta zagayo, ta sake zagayowa. Sai ta janye hannu ta goge a zane.

"Wannan na mutane ne. A mayar musu."

"Naki ne, Inna. Yaya ne ya sayo miki."

"Ni ba na cin abinci a gidan mutane. In mun koma gida na ci."

Maganar ke nan, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Rashin giɓin ya fitar da ita daga gidanta, ta zama baƙuwa a kan gadonta, tana zaune a takure tana jiran a zo a mayar da ita. Ruwa take karɓa, da shayi kaɗan. Auta ta gwada kwano, ta gwada roba, ta gwada lallashi da kuka. Har sabon farantin ta ɓantare da almakashi. Inna ta taɓa wurin, ta ji kaifi maimakon santsin da ta sani, ta ce, "Ga shi kin fasa wa mutane kaya. Da me za mu biya su?"

Ma'aikaciyar jinya da ke zuwa auna ta ta ɗaga hannun tsohuwa, ta ja fatar ta saki, fatar ta tsaya a tattare. Ta ce in aka ci gaba a haka sai asibiti da robar ba da abinci ta hanci. Auta ta tsorata, tsoro na gaske, don ta san in aka danne Inna aka zura mata roba, ba za ta dawo gida da ƙafarta ba. Ta buga wa Darakta waya, ya ƙi ɗauka. Ta sake bugawa, ya ɗauka ya ce yana da baƙi. Ta ja gyale, ta bar tsohuwa da maƙwabciya, ta tafi.

Falon Darakta ba wurin zama ba ne, wurin kallo ne. Bango huɗu duk faranti, kowanne an ɗaure shi da waya an rataye, ga ƙananan fitilu na haska su da rana tsaka. Kabad na gilashi sun cinye wurin kujeru. Gida cike da faranti, matarsa na kicin tana cin abinci a roba. Baƙon da ake magana wani abokin cutarsa ne da suke kira Dakta, dakta irin wanda ba ya duba marar lafiya. Su biyu suna tsaye, hannu a baya, baki a sake, suna kallon farantin Inna da aka rataye can sama a tsakiyar bango.

"Yaya, Inna ba ta cin abinci."

"To, ki gaishe da mutane mana." Ya juya ga abokinsa. "Ƙanwata ce. Tela ce."

Dakta ya gyaɗa kai, ya ce mata ta yi alfahari, gidansu ya ajiye tarihi. Ya ce farantin nan ya ƙetaro teku tun kafin a haifi kakanta, ta dubi yadda shuɗin ya ɗan jeme cikin farin, na yanzu ba sa haka. Auta ta yi masa kallon hadarin kaji.

"Na ce Inna ba ta ci. Farantinta take nema."

"Tsufa ne, Auta. A ba ta a baki. Abu irin wannan ba na cin abinci ba ne. Kin san da soson ƙarfe kike wanke shi? Na ga zanen a jikinsa, sai da na ji kamar a fatata."

Oh, ni 'yasu. Mutum uwarsa na bushewa, shi kuwa tausayin tangaran yake ji. Auta ba ta ɗaga murya ba, don ta san ihu ba ya ratsa Darakta. Ta san abin da ke ratsa shi.

"Shi ke nan. Tun da farantin ba zai je wurinta ba, ita za ta zo wurinsa. Gobe zan ɗauko ta a tasi, da katifarta da fo ɗinta, in shimfiɗa mata a nan. Ka san ba ta gani, da laluben bango take tafiya."

Darakta ya dubi bangonsa, ya dubi Dakta, ya sha toka. Ya ce farantin aro zai ba su, ta ji da kyau, aro. Ya hau kujera da kansa ya sauko da shi, ya naɗe a auduga da tawul, ya ƙi yarda ta ko taɓa. Shi ya tuƙa su, kwalin a kujerar gaba an ɗaura masa bel, Auta a baya.

A ɗakin Inna ya warware tawul ɗin a hankali, yana murmushi. Auta ta duba bakin farantin, ta juya, ta sake juyawa. Babu giɓi.

"Na kai an cike shi," in ji Darakta. "Aikin gwani ne. Ko Dakta sai da ya sa madubi kafin ya gano wurin."

Garin gyaran gira an rasa ido. Duk da haka ta zuba abincin, ko Allah zai sa. Inna ta ɗora yatsa, ta bi bakin farantin, ta bi, ta bi. Ta ture shi.

"Yaushe za mu koma gida ne?"

Auta ta juye abincin a kwano, ta kai farantin bakin taga. A hasken rana ta ga wurin, ɗan farin da ya fi sauran fari. Ta ɗauko babban almakashinta daga kan keke, ta riƙe shi ta tsini.

"Auta, kar ki kuskura."

Ta kuskura. Ta buga da ƙotar almakashin, cikon ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin gado, sai kuma wata 'yar ƙara ta biyo baya, farantin ya rabe biyu a hannunta. Rabi ya zame kan tabarma.

Darakta ya saki wani nishi da bai yi ba ranar da aka ce idon Inna ya tafi. Ya zube a gwiwa da babbar rigarsa, ya ɗauki rabin da ya faɗi, ya cusa kai ƙarƙashin gado yana laluben ɓarɓashi, yana cewa kar kowa ya motsa.

Auta ta tsallake ƙafafunsa. Rabin da ke hannunta shi ne mai giɓin. Ta shafa wurin, tsohon santsin yana nan. Ta ɗauraye, ta zuba shinkafa kusa da giɓi, miya a dama, ta ajiye a cinyar Inna, ta kare gefen da ya fashe da tafin hannunta don kar ya yanke ta. Yatsan tsohuwa ya taho a hankali, ya faɗa cikin giɓin, ya tsaya. Kafaɗunta suka sauka.

"Kin bar abinci ya huce," in ji Inna. Ta kai loma baki.

Auta ta ji hawaye na zubo mata, ba ta da hannun sharewa. Darakta ya fito daga ƙarƙashin gado da yanar gizo a hularsa, ya naɗe rabinsa a hankici, ya tsaya a kansu yana bin kowace loma da ido.

"In ta gama, kar ki wanke. Ki ba ni haka, zai haɗu. Ki ce mata ta daina goga shi da zobe."

Inna ta dakata da tauna, ta karkata kunne wajen da ta ji motsi.

"Wane ne tsaye a kanmu?"

Auta ta ɗaga kai ta dube shi. Ta ba shi lokaci ya sunkuya ya ce ni ne, Inna. Idonsa na kan bakin tsagar, yana auna ta da rabin da ke hannunsa.

"Mai sayen tsofaffin kwanuka ne, Inna," in ji ta, da ƙarfi yadda tsohuwa za ta ji. "Ba mu da na sayarwa. Yanzu zai tafi."

"To, a ba shi ruwa ya sha," in ji Inna, ta ci gaba da cin abincinta.