Maganin Ƙetaren Gulbi

Ranar Talata ce, ranar kasuwar Gaya, kuma tun hantsi ruwan sama yake zuba ba ƙaƙƙautawa. Yusha'u ya kutsa ƙofar asibiti da 'yarsa Nuriya a kafaɗa, ya lulluɓe ta da ledar da yake rufe buhunan albasa a jirgin ruwa. Matarsa Bara'atu na biye da shi, takalmanta a hannu. Jikin yarinyar zafi rau, leɓɓanta sun yi fari.

Bai tsaya inda jama'a ke bin layi ba. Ya zagaya baya, wurin masu bincike. A nan aka rubuta Nuriya bara cikin yaran da ake gwada wa maganin amosanin jini, ciwon da 'yan gari ke kira emasi. Asibiti shida ne ke aikin tare a ƙasashe huɗu, har da na Gaya da na Malanbil da ke ƙetaren gulbi. Magani kyauta, awon jini kyauta, har kuɗin kabu-kabu ana bayarwa. Kyautar nan ce ba ta taɓa kwanta wa Yusha'u a rai ba. Tun da ya bar lakkol, wato makarantar boko, yake dako a bakin gulbi, bai taɓa ganin wanda ya miƙo abu da dama ba sai hagunsa na laluben wani abu.

Likita Rashida ce a bakin aiki, wata gajeriyar mace 'yar Doso mai saurin magana. Ya shimfiɗa mata yarinyar a kan gado.

"Ga ta nan, Likita. Kun zuƙe ta. Kowane wata jini, kowane wata jini. Yarinya ce ko rijiya?"

Ta ja fatar idon Nuriya ƙasa, ta duba tafin hannunta, ta juya wajen uwar.

"Yaushe zazzaɓin ya fara?"

"Shekaranjiya."

"Sai yau kuka zo? Ba na ce ko da tsakar dare ne ku kira ni ba?"

Bara'atu ta kalli mijinta, ta mayar da idonta ƙasa.

"Malam Yusha'u," in ji likitar, "abin da muke ɗiba bai cika cokali ba, kuma a gabanka ake yi. Yanzu ma zan ɗiba."

"Ɗibi mana. Ai akwatin sanyinku bai cika ba tukuna."

Ta ɗiba, aka tafi da shi ɗakin awo. Aka sa wa Nuriya ruwa a hannu, aka ce su jira a waje.

A kan bencin baranda mata huɗu ne zaune da 'ya'yansu, duk 'yan binciken, sun zo randebu, ranar da likita ta sa musu, duk da ruwan. Wani yaro mai jajayen idanu yana ta tsalle cikin ruwan da ke zubowa daga kwano, uwarsa na daka masa tsawa tana dariya. Ta ce da ta kusa da ita, a damina irin wannan bara yana kwance yana ihu da ƙafa, bana kuwa sai ta ɗaure shi.

Yusha'u ya zauna can ƙarshen bencin, hannunsa cikin aljihun riga, yana riƙe da wata 'yar kwalba.

Shi ma ya san maganin yana aiki. Ɗansu na fari, Kabiru, ciwon nan ne ya ɗauke shi yana ɗan shekara uku. Nuriya kuwa tun da ta fara shan ƙwayar ta daina kwanan kuka, har ta yi kumatu. Amma a bakin gulbi magana ba ta ƙarewa. Tun da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, kowa ya san kaya daga tashar Kwatano suke fitowa. Masu jirgi suka ce magani mai ƙarfin ana sauke shi a Malanbil, wanda ya sha rana a hanya ya lalace shi ake turo wa Gaya. Wani ya rantse ƙwayar can ta fi girma. Yusha'u ya tambayi Likita Rashida, ta ce ƙarya ne, magani ɗaya ne, da nauyin yaro ake auna shi. To me za ta ce dama?

Sai ya ƙetara da Nuriya. Yayan Bara'atu, Jibo, a Malanbil yake zaune, yana da 'ya sa'ar Nuriya mai suna Ma'u. Da takardar haihuwar Ma'u aka rubuta Nuriya a asibitin can, Jibo ya tsaya a matsayin uba. Daga nan da safe ta sha na Gaya, da yamma ta sha na Malanbil. In ɗaya jabu ne, ɗayan zai riƙe ta. Makon jiya mutanen Malanbil suka ce wa Jibo jinin yarinyar ya yi ƙasa, a dakatar da ƙwayar. Yusha'u ya ce a ransa sun gano baƙuwa ce, hanyar korarta suke nema. Ya ci gaba da ba ta.

Bara'atu ta matso kusa da shi, ta yi ƙasa da murya.

"Baban Nuriya, ka gaya mata."

"In gaya mata me?"

"Ka san me. Tun farko na ce maka abin nan ba gishirin miya ba ne da za a ƙara."

"Ki yi min shiru. Ina buɗe baki za su kore ta nan, su kore ta can. Ke za ki sayi maganin? Da kuɗin ƙosai?"

"Da kuɗin ƙosan nake ciyar da kai ran da gulbi ya hana aiki."

Ya juya mata ƙeya.

Wajen azahar likitar ta kira su ofis. A bango akwai taswira da aka soka wa allurai shida masu jan kai. Ta zauna, ta cire tabarau.

"Jininta ya faɗi sosai. Ba jan kaɗai ba, har wanda ke yaƙar cuta a jiki. Shi ya sa zazzaɓin ya kama ta haka. Mun fara allura, za mu ƙara mata jini leda ɗaya. Ina sa ran za ta tashi, in sha Allahu. Tana shan wani abu ban da namu? Jiƙo, na kanti, ko na wani yaro?"

"Ba ta shan komai," in ji Yusha'u.

Bara'atu ta gyara lulluɓinta.

"To, ke nan matsalar ta fi ƙarfin Gaya." Likitar ta ɗauki salularta ta ajiye. "A ma'aunin da nake ba ta bai kamata ya yi haka ba. Da ita kaɗai ce, sai in ce jikinta ne. Amma makon jiya Malanbil sun sanar da mu wata yarinya can, sa'arta, ita ma jininta ya faɗi haka nan. Biyu ke nan, a asibiti biyu, likitoci daban, ɗakin awo daban."

Yusha'u ya matso kusa da teburin.

"Sai me?"

"Sai in kira Yamai kafin la'asar, su kira kwamitin da ke sa ido. Dalilin da ya sa ake aikin a wurare da yawa ke nan. Abin da asibiti ɗaya zai ɗauka tsautsayi ne, in ya fito a biyu ba a wasa da shi. Za su iya cewa kowa ya dakata da sha har a gano dalili."

"Kowa wa?"

"Duk yaran. Ɗari huɗu da wani abu."

"Har yaushe?"

"Wata uku, wata shida. Ban sani ba."

Ya ƙura mata ido. Ta sani ne? Ya san irin wannan. Haka 'yan duwan masu binciken kaya a kan iyaka ke yi: sun riga sun ga kayan da ka ɓoye, sai su tsaya suna tambayarka lafiyar iyali. Wataƙila hotunan yaran duk suna cikin na'urarta, ta ga fuskar Nuriya sau biyu, tana jira ya faɗa da bakinsa. Wataƙila kuma ba ta san komai ba. Fuskarta fuskar mai gajiya ce kawai.

Ya yi lissafi kamar yadda yake yi in jirgi ya yi nauyi. In ya yi shiru, za a dakatar da kowa, a bincika, ba za a ga komai ba, a dawo, Nuriya na ciki. In ya yi magana, kowa zai ci gaba, Nuriya ce za ta fita.

"Likita, in ce dai mutum ya karya dokarku, me kuke yi masa? Jandarma?"

"Mu ba mu da jandarma. Wace doka?"

"Tambaya ce kawai."

Ya miƙe ya fita baranda. Ruwan ya ragu. Yaron nan mai tsalle ya jiƙe sharkaf, uwarsa tana matse masa riga, tana cewa gobe ma ya ƙara. Ta ɗago ta ga Yusha'u.

"Malam, yaya mai jiki? Allah ya sa kaffara. Ka kwantar da hankalinka, matar nan ta san aikinta."

Ya tsaya yana kallon ƙafafun yaron, sirara, duk tabon allura. Wata shida ba magani, ga damina ga sanyi na tafe. Ya san sautin da ƙafafun nan za su sa yaro ya yi. Ya ji shi daga bakin Kabiru.

Ya koma ciki. Likitar ta riga ta kara salula a kunne. Ya zaro kwalbar daga aljihu ya dire ta a kan tebur da ƙarfi.

"Kashe wayar nan. Yarinyar Malanbil ɗin ga ta can kwance a gadonki."

Ta sauke salular a hankali. Ta ɗauki kwalbar, ta karanta sunan da ke jiki, ta buɗe durowa ta fito da irin ta Gaya, ta jera su. Ta zazzage ƙwaya ɗaya daga kowace a tafin hannunta, ta miƙo masa. Girmansu ɗaya, launinsu ɗaya.

"Tun yaushe?"

"Tun ƙaramar salla."

"Inna lillahi." Ta dafe goshi. "Malam Yusha'u, da ka zo ka zage ni kullum da ya fi min wannan."

"Ai na tambaye ki."

"Na kuma ba ka amsa."

"Amsar mai kaya ce. Duk mai kaya cewa yake nasa ya fi." Muryarsa ta karye, ya gyara ta. "Za ku kore ta?"

"Jinyarta ba za mu bari ba. Amma zamanta cikin binciken ba ni ke yankewa ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, da wuya. Duk abin da aka auna a jikinta, nan da can, ya zama na zubarwa, don ba wanda ya san me ake aunawa. Kuma a Malanbil gurbi ya cika tun tuni. An mayar da yara gida saboda ba wuri."

"Ke dai kin sani tun da safe," ya ce.

"Da na sani da ban ɓata rabin yini ina neman laifin maganin ba."

Bai yarda ba, bai kuma ƙaryata ba. Ta sake ɗaukar salula, wannan karon Malanbil ta fara kira.

Nuriya ta buɗe ido da la'asar, ta nemi kunu. Bayan sati biyu amsar kwamiti ta iso. Ba a dakatar da kowa ba. An cire suna biyu daga binciken, na Nuriya da na Ma'u. Awon shekara guda a Gaya da na wata biyar a Malanbil an jefar. Jibo ya daina ɗaga wayar Yusha'u. Gurbi ɗaya na Malanbil ya tafi a banza, ba a san ɗan wa aka mayar gida dominsa ba. Maganin kuwa likitar ta rubuta masa shi a takarda, ta ce akwai shi a Yamai, na sayarwa.