Hannun Afra'u

Duk Kahu an san babu yarinyar da ta kai Afra'u saurin ɓarar zoɓo. Da asuba take zama gaban tarin jan fure, tana cire masa ƙwallo da ɗan yatsa, har fatar hannunta ta tsage, ƙaiƙayi ya hana ta riƙe fensir. Makaranta kuwa tun shigowar kaka ta daina ganin ƙeyarta. Uwarta Jumai ta san zoɓon nan ƙasar Turawa yake tafiya, su jiƙa shi a ruwan zafi su sha suna hutawa.

Sai ga Ramalan, dillalin kamfanin da ke saye, mijin Saudat ƙanwar Jumai, ya zo daga Rano da labari. Wata Baturiya za ta zo ganin manoma, kuma za ta ɗauki nauyin karatun yarinya ɗaya.

"Amma fa Yaya Jumai, ranar a ɓoye yaran aiki a bayan rumbu," in ji shi. "Turawa ba sa son ganin yaro yana aiki."

"To wace yarinyar za ta gani?"

Ya sosa ƙeya. "Mufida."

Mufida! 'Yar Saudat, wadda ko tsintsiya ba a bari ta ɗauka. Jumai ba ta yi wa kanta ƙarya ba, abin da ta ji hassada ce tsagwaronta. Ciki ɗaya suka fito da Saudat, amma komai mai daɗi ƙofar Saudat yake sani.

Ranar ta zo, Baturiya ta iso da tafintanta. Aka tsayar da Mufida cikin sabon hijabi, aka ɗora mata kwandon zoɓon da Afra'u ta ɓare. Baturiya tana ta ɗaukar hoto, Saudat tana washe baki kamar ita ta shuka gonar. Jumai ta daure, ta daure, sai ta kasa. Ta zagaya bayan rumbu, ta fizgo 'yarta, ta ratsa mutane da ita har gaban baƙuwar.

"Ga mai aikin nan!" Ta buɗe tafin hannuwan yarinyar, jajaye, duk tsaga. "Malam tafinta, gaya mata wannan ce ke ɓare abin da take sha. Ita ya kamata a mayar makaranta."

Tafinta ya fassara. Baturiyar ta dubi hannuwan, ta dube su sosai, babu shakka ta gane. Jumai har ta fara hango Afra'u da jakar littattafai. Sai matar ta kawar da kai, ta yi magana a hankali tana gyara kyamararta.

"Me ta ce?" Jumai ta tambaya.

Tafinta ya sunkuyar da kai. "Ta ce don Allah ki ɗan matsar da ita gefe, tana shiga hoton."