Wadda Ta Zare Sakata

Rawar da aka ba Gwaggo a wasan kwaikwayon ba ta taka kara ta karya ba. Baiwa ce a gidan wani attajiri: a ƙwanƙwasa, ta zare sakata, ƙanin maigida ya wuce ya kashe wansa. Ko tari ba a rubuta mata ba. Ɗan wanta ne darakta, wasansa na farko ke nan, ya kuma ɗauke ta ne don ba ta makara.

Tsohon wasa ne, an daɗe ana kai ruwa rana kan wa ya fi laifi, ƙanin da ya daɓa wuƙar ko uwar da ta zuga shi. Baiwa kuwa ba mai ko waiwayarta. Abin ya tsaya wa Gwaggo a rai.

"Wai ni kam, ta ga wuƙar kuwa?" ta tambaya ana tsakiyar gwaji.

"Gwaggo, ƙofa kawai za ki buɗe."

"In ta gani ta buɗe, ai da hannunta a ciki. In ba ta gani ba, ina ta kai idonta?"

"Marubucin bai faɗa ba."

"To ni a wacce zan buɗe?"

Darakta ya yi kamar bai ji ba.

Ƙofar katako ce mai 'yar huda, ta nan Gwaggo ke leƙen isowar Dogo, mai fitowa a ƙanin. Duk gwajin da aka yi, ludayi yake riƙewa, don maƙeri bai gama wuƙar ba.

Ranar wasa zaure ya cika maƙil. Aka ƙwanƙwasa, Gwaggo ta leƙa. Sai ga wuƙa tsirara tana walƙiya a hannun Dogo. Hannunta ya ƙi motsi.

"Gwaggo, buɗe mana!" in ji Dogo ƙasa-ƙasa.

Ba ta buɗe ba. 'Yan kallo suka fara gyaran murya. Ta waiga, ta hango ɗan wanta a bayan labule, gumi sharkaf, ya haɗa tafuka yana roƙonta da ido. Tausayinsa ya kama ta, yaron da ta goya da bayanta.

Ta zare sakatar.

Dogo ya wuce, ihun maigida ya tashi daga ciki. Gwaggo ta zame ta zauna a bakin ƙofa, ta fashe da kukan da ba a rubuta mata ba. Da idonta ta ga wuƙar, ta kuma buɗe.