Za'afaran a Ƙarƙashin Ganye

Fazi na shanya yankakken tumatir a bakin taga ta ji bugun guduma daga gidan maƙwabcinta, Subhan Wani. Tsohon ya daɗe a kwance ba lafiya. Ko takalmi ba ta tsaya nema ba, ta faɗa gidan.

Irshad ne, ɗan Subhan da ya zo jiya daga birnin Srinagar, tsaye a tsakar gida da maza biyu, suna kafa turakun rumfar zaman makoki. Sun riga sun buga ɗaya a tsakiyar koren ganyen nan mai yaɗo da ya rufe ƙasa a gindin tagar ɗakin tsohon.

"Kai, Irshad! Ya cika ne?"

"A'a, Inna. Amma likita ya ce mu shirya. Kin san mutanen garin nan namu na Pampore, in suka taru ina za mu zuba su?"

"Mutum da ransa kake kafa masa rumfa? Kuma a nan?"

"Ciyawa ce fa kawai."

Ciyawa! Ran Fazi ya ɓaci, amma ta san ba laifinsa ba ne kacokan. Kowa a garin nan ya san gonar za'afaran tsirara ake barinta, ƙasa zalla. Subhan ne kaɗai ya saɓa. Shekarar da ya sayar da gonarsa don kuɗin karatun wannan yaron, ya tono kwando guda na 'ya'yan za'afaran, masu kama da ƙananan albasa, ya binne a nan, ya dasa ganye mai ƙamshi a kansu don kada kaji su tone, kada laka ta ɓata furen. An yi masa dariya har an gaji. Shi kuwa Irshad bai taɓa zuwa gida a kaka ba, balle ya ga abin da ke fitowa.

Tun da Subhan ya kwanta, tambayarsa ɗaya ce duk safiya: "Sun fito?" Furannin yake jira, ba wani abu ba.

Ɗaya daga mazan ya ɗaga guduma. Fazi ta tattara rigarta ta zauna daram a bakin ganyen, ta miƙe ƙafafu.

"To, buga. Fara da ƙafata."

"Haba, Inna, kada ki tara mana jama'a."

"Ni na goye ka lokacin da uwarka ke gona, ba za ka koya mini kunya ba. Zare wannan turken."

Daga ɗaki aka ji muryar tsohon, can ƙasa-ƙasa: "Wa ke buga abu?"

Mutumin ya sauke guduma. Irshad ya dubi tagar, fuskarsa ta canza. Shi da kansa ya kama turken ya jijjiga ya zare. Wata 'yar albasa ta biyo shi, gefenta a tsage, da farin tsiro kamar ɗan yatsa. Ya ɗauka yana jujjuyawa.

"Wannan ai..."

"Gonar ubanka ce. Abin da ya rage masa ke nan."

Ya sake duban 'yar albasar. Sannan a hankali ya ce, "To rumfar fa? Dole a kafa ta wani wuri."

Fazi ta waiga ta hangi nata tsakar gidan ta kan katanga, cike da ganyen miyan da take sa ran ci har ƙanƙara ta narke. Wallahi ya yi mata ciwo.

"Ku kai gidana. Amma ba yau ba. In na sake jin guduma yana numfashi, ni da ku ne."

Ta karɓi 'yar albasar ta shiga ɗaki. Subhan na kwance, kaskon wutarsa ya huce a gefen bargo. Ya rame, sai idanu.

"Fazi, sun fito?"

"Suna hanya. Ga ɗaya ta riga 'yan uwanta, marar haƙuri irinka."

Ya so ya yi dariya, tari ya hana. Ta ɗora 'yar albasar a faranti a bakin taga inda idonsa zai kai, don tsakanin shi da furen ba ta san wanda zai riga wani ba.

Washegari da hantsi tsiron ya tsage, kan furen ya leƙo, shuɗi mai ja-ja, bai buɗe ba tukuna. Irshad ya tallafi kan uban ya juya shi wajen taga. Subhan ya duba, ya daɗe yana dubawa. Kafin azahar ya cika.

A kan ganyen miyan Fazi aka kafa rumfa, aka tattake shi tas. Ranar uku da safe ta ɗauko tulun shayi mai gishiri za ta kai wa masu makoki, sai ta hango Irshad ta kan katanga. Ya cire takalmi, ya tsuguna a bakin koren ganyen. Furanni sun huda ganyen ko'ina, raɓa a kansu.

"Inna," ya ce, bai ɗago ba, "yaya ake tsinka?"

Ta ajiye tulun a kan katanga.